Ƙofar da Malam Kyari ya yanka mini

Tun shekarar da aka karɓe mini jaka nake tambaya, har yau babu babba ko ɗaya da ya zaunar da ni ya ce, Gaji, ga dalili. Ni ne na ɗauki kaset-kaset na ƙananan gidajen rediyon nan huɗu a kafaɗata, daga Gure zuwa Gidigir, in dawo in gangara Bune, in sake dawowa in haura Kelle, a bayan motar kanwa, a kan amalanke, wata rana a ƙafa in mota ta nutse a rairayi. Kaset ya wuce aka koma faifai, faifai ya wuce aka koma ɗan kile da ake soka wa na'ura, mai kamar ƙwallon dabino, duk ni ne. Sai wata safiya na shiga biro, wato ofishin rediyonmu na Gure, na tarar da jakata rataye a ƙusa, babu komai ciki, kowa yana kallon ƙasa. Ba a kore ni ba, ba a kuma ce in zauna ba. An bar ni kamar tsohuwar rijiya da ake bi ta gefenta.

Na fara da wannan ne don mutumin da zan yi magana a kansa, Malam Kyari, shi ya kashe mini aikin, kuma shi kaɗai a cikinsu ya taɓa ba ni amsa. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, allo ma ban yi nisa ba. Maƙwabcina Isufu, da muke ce wa Mushe, wato malam a bakin Faransa, shi ke rubutawa, na kuma ce masa abin da na faɗa shi zai sa, kada ya yi mini kwalliya.

Ranar da Malam Kyari ya rasu ina zaune a ƙofar gida da hantsi, ina ɗinke guga, rediyo na gefena. Aka tsayar da kiɗa, aka yi salati, aka karanta sunansa. An ce ya cika a asibitin Damagaram bayan gajeriyar jinya, a can za a yi masa sutura. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye gugan, na rasa wanda zan juya in faɗa wa, don gidan babu kowa sai ni. Daga baya na ji cewa a Gure aka ɗauki sanarwar, aka ajiye ta a rumbun na'urar da ya gina, Gidigir da Bune da Kelle suka ɗauka lokaci guda. Labarin mutuwarsa ya bi hanyar da ya share da hannunsa. Mutanen Kelle sun ji tare da ni, ni da katanga ɗaya ce ta raba gidana da biro. Ba wanda ya zagayo.

Bari in koma farkon saninmu. Bayan an rataye jakar nan na yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. Wannan ya ce in tambayi direkta, direkta ya ce daga sama abin ya zo. A ɗakin can ƙurya, inda aka jera wasu akwatunan ƙarfe masu huci da ƴan fitilu, na iske wani siririn mutum durƙushe yana ɗaure wayoyi. Na ce masa ko shi ya san wanda ya hana a ba ni saƙo. Ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya ce, "Ni ne, Baba."

Na ce, "Kai ne wa?"

Ya ce, "Kyari. Ni na haɗa abin nan da ya sa ba a aikenka. Ba wanda ya faɗa mini akwai ka sai da na gama. Da na sani ma da zan haɗa shi, amma da na zo na gaishe ka tukuna."

Na zage shi. Ba zan maimaita abin da na ce ba, don yau yana ƙasa. Ya tsaya ya saurara har na gaji, sannan ya jawo mini kujera ya ce in zauna ya nuna mini abin da ya cinye mini aiki, tunda ai mutum yana da haƙƙin ganin fuskar wanda ya kayar da shi.

Ya ce in ɗauka rumbu ne guda, amma ƙofofinsa huɗu, ɗaya a kowane gari. Wanda ya zuba a Gure, na Bune zai buɗe tasa ƙofar ya gani a wurin da aka ajiye, da sunan da aka sa masa. Abin da ake yawan ɗiba kuwa ana kwafarsa a kowane gari, don in rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke kada shiri ya tsaya. Yana da wata magana da yake yawan yi: "Abin da ke wuri guda aro ne, Baba, mai shi bai zo karɓa ba ne tukuna." Na ce to, rumbu mai ƙofa huɗu ai rumbun ɓarayi ne. Ya yi dariya ya dafa wani akwati daban, ƙarami, ya ce ga mai gadi. Kowa da sunansa da kalmarsa ta sirri, wadda suke kira kod. Ka zo ka faɗi sunanka, mai gadi ya aiko maka da tike, wato tikitin shiga, a kulle. In kalmarka ta buɗe shi, kai ne. In ba ta buɗe ba, ko fuskarka ta fi ta kowa sanuwa a garin, ba ka shiga. Kalmar ita kanta ba ta hawa hanya, balle wani ya tare ta. Tike ɗin kuma na yini ne, gobe sai ka nemi sabo.

Na ce masa ni na yi shekaru ina ɗaukar saƙon mutane ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, ba a kuma taɓa neman tike a hannuna ba. Ya ce, "Na yarda. Amma kai ɗaya ne, ga ka kana tsufa. Ni abin da zai yi amana ko ba ka nan aka ce in gina." Ban ji daɗin maganar ba. Har yau ban ji daɗinta ba. Amma amsa ce.

Da daminar shekarar da muka haɗu ya zo ƙofar gidana da sassafe, da tsohuwar jakata a hannu. Ya yi mini gaisuwar yankinmu, ya ce, "Baba Gaji, wushe. Ƙofar Bune ta rufe, rezo ba zai gyara ta ba, sai hanya." Na ce ashe dai. Ya ce direban sabo ne, ruwa ya canza wa kwari fuska, in zo in zauna gaba. Ya miƙo mini jakar ya ce kayan gyara na ciki, in riƙe da kyau. A hanya na laluba. Wani ɗan batir ne guda, faɗinsa bai wuce maɓallin riga ba, abin da aljihunsa zai ɗauki ɗari irinsa. Na san abin da ya yi, shi ma ya san na sani. Na rungume jakar har Bune.

Mun tarar da shugaban gidan rediyon can ya cika ya batse. Ya ce mutanen Gure ne suka toshe musu ƙofa da gangan, dama tun fil azal raina su ake yi. Malam Kyari bai yi musu da shi ba. Ya kunna na'urar ya nuna masa kusurwar fuskarta, ya ce ya karanta kwanan wata. Hadari ya rufe fanno, farantin da ke zuƙo wutar rana, kwana da kwanaki, wuta ta mutu, ɗan batirin da ke riƙe agogon ciki shi ma ya mutu, na'ura ta farka tana zaton wata tsohuwar shekara ce tun kafin a gina gidan. Mai gadi kuwa in agogonka bai zo ɗaya da nasa ba ba ya yarda da kai, don yana zaton wani ne ya tsinci tsohuwar magana yake maimaita masa. Ya canza batir, ya daidaita agogo, ƙofa ta buɗe. Ya ce wa shugaban, "Ba wanda ya raina ku. Kun kwana a wata shekara ne, mu muka kwana a wata." A hanyar dawowa na ce masa ni ma haka aka yi mini, na farka na tarar gari ya koma wata shekara. Da muka hau tudu ya ce, "Kai ba ni da batirinka, Baba."

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zaunar da Mushe Isufu.

Uwar gidana, Falmata, ta riga mu gidan gaskiya kafin duk wannan. Mai saƙar tabarma ce, ta kaba, ta iya rini. Ƴarmu tana aure can gabas, ɗanmu ya tafi arewa neman aiki, muryarsa ta yi nisa har ta ɗauke. Ban sani ba ashe wata rana ina kan hanya an kira Falmata shirin mata ta yi bayanin yadda ake jiƙa kaba da yadda ake kama launi. Ni na ɗauki kaset ɗin na kai shi garuruwan nan uku da kafaɗata, ban san tana ciki ba. Ita kuma ba ta faɗa mini ba.

Malam Kyari ya ɗauki aikin juye tsofaffin kaset cikin rumbun nan kafin zafi ya gama cinye su, ba wanda ya sa shi. Wata Juma'a bayan an sauko ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce in biyo shi. Ya zaunar da ni, ya sa mini abin ji a kunne, ya danna, ya fita ya ja ƙofa. Sai ga ta. Tarin nan nata da take yi kafin ta fara magana. Ana jin akuya a bayanta. Ta yi bayanin kaba, mai tambaya ta ce mata maigida fa, yana taya ki? Ta yi dariya ta ce, "Wannan? In ya tafi Bune ba ya dawo mini da komai sai rairayi a takalmi da ƙorafi a baki. Amma in ya kwana biyu bai dawo ba, gidan ba ya zaunuwa." Ba ta taɓa faɗa mini haka ba tana raye.

Da ya dawo na ce masa ban yarda kowa ya ji wannan ba. Ya ce ai an riga an watsa shi shekarun baya, garuruwa huɗu sun ji. Na ce wancan lokacin tana da rai, yanzu tawa ce. Bai yi gardama ba. Ya yanka wani ɗan lungu a cikin rumbun, ya sa ta ciki, ya rubuta wa mai gadi cewa suna ɗaya ne zai buɗe wurin. Sannan ya yi mini suna, ni da ba ma'aikaci ba, ni da ko sa hannu da babban yatsa nake yi. Ya kuma faɗa mini gaskiyar da wani zai ɓoye. Ya ce, "Mabuɗin gidan duka yana hannuna, in na so zan iya shiga. Ba zan shiga ba. Na faɗa maka ne don kada wata rana ka ji a bakin wani."

Saura kalmar sirri. Na ce ya zaɓa mini ya riƙa dannawa in na zo. Ya ƙi. Ya ce kalmar da ya sani ba tawa ba ce. Ya ajiye kilabiye a gabana, allon nan mai maɓallai, ya ce in duba zanen da ke kai in zaɓi waɗanda zan iya tunawa, in jera su yadda nake jera garuruwa a hanya. Na zaɓa da siffa: wani kamar bukka, wasu ba zan faɗa ba, ko Mushe Isufu ban faɗa wa ba. Da zan danna, Malam Kyari ya tashi ya juya fuskarsa ga bango, hannuwa a baya, kamar mai jiran a gama alwala. Na ɗauki lokaci, yatsa ɗaya gare ni a wannan aiki. Bai juyo ba sai da na ce na gama. Kowace Juma'a ta Allah haka yake yi, shekara da shekaru. Wata rana na ce, "Malam, ai yanzu ka zama ɗa, juyo kawai." Ya ce da bangon, "Ɗa ma ba ya leƙa ɗakin uwarsa, Baba."

Akwai lokacin da kilabiyen ya lalace, aka sayo sabo daga kasuwar Najeriya. Na zo na danna kalmata, mai gadi ya ƙi ni. Na sake, ya ƙi. Na miƙe na ce dama na san za a rina, an gaji da ni ne. Malam Kyari ya dubi sabon allon ya kama baki. Namu na nan jerin Faransa ne, na can jerinsu daban, bukkata ta sauko daga layin sama zuwa na tsakiya. Na'ura kuwa wurin da yatsa ya sauka take ji, ba zanen da ke kai ba. Ya ce in danna inda bukkar take a da. Na ce ni bukka nake dannawa, ba kangon da ta tashi ba. Ya kalle ni, ya ce, "Allah Ya jiƙan Falmata, ta yi haƙuri." Ya tono tsohon kilabiyen daga kwandon shara, ya kwance shi, ya wanke, ya ɗaure wayarsa, ya ajiye shi a kabad. Duk Juma'a sai ya ciro shi ya haɗa mini, in na gama ya mayar.

Ya sha ce mini in bari ya sa mini muryar a salula in tafi da ita gida. Na ƙi, kuma da za a sake tambayata yau zan sake ƙi. Matata ba za ta zauna a aljihu ba, a faɗa da ita rijiya, ko wani ɗan kasuwa ya zare ta ya sayar. An gina mata ɗaki mai ƙofa da mai gadi, an ce mini tana nan a Gure tana kuma can a wani garin ko da nan ya ƙone. Mutumin da ya faɗa mini haka bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Na je zaman makoki. Na zauna a ƙarshen tabarma, aka yi addu'a, manya suka yi ta yabon ƙwazonsa da turancin da ban ji ba. Ba wanda ya ambaci bango. Juma'ar da ta biyo na kasa zuwa biro. Da na daure na je, kaka ta riga ta wuce, an kawo wani daga Damagaram ya zauna a kujerarsa. Mutum ne mai ladabi, ban ce ba shi da ladabi ba. Ya bar ni na zauna, ya tsaya a kaina yana kallon yatsana. Na ce ya juya. Ya ce don me? Kabad kuwa an kwashe, tsohon kilabiyen na tsince shi a tarin tarkace bakin ƙofa. Na sa aka haɗa, na danna kalmata daidai, mai gadi ya ƙi ni.

Baƙon ya duba ya ce ba kalmar ba ce, sunan ne ya ƙare. Na ce suna yana ƙarewa mai shi na raye? Ya ce sunan wanda ba ma'aikaci ba na shekara guda ne, sai an sabunta. Ya ce ga shi nan a rubuce, kowace kaka ana sabunta shi, hannu ɗaya ne ke yi. Wato duk shekarun nan, in an fara yankan gero, Malam Kyari yana zama shi kaɗai ya ƙara mini shekara, bai taɓa faɗa mini ba, bai taɓa barin in zo in tarar da ƙofa a rufe ba. Bana kaka ta zo yana ƙasa. A nan ne na yi masa kuka, ba a gidan makoki ba, a gaban baƙo.

Na ce to a sabunta. Ya ce shi bai da izini, in ga direkta. Direkta ya ce wannan maganar masu na'ura ce, in koma wurin baƙon. Na kuma ji a bakin mai shara cewa za a kwashe akwatunan nan a kawo wani sabon tsari, kayan ma'aikata da na shirye-shirye kawai za a juye, sauran a goge. Falmata ba ma'aikaciya ba ce. Kaset ɗinta na asali zafi ya riga ya narkar da shi. Kilabiyen yana gidana yanzu, a kan tabarmar ƙarshe da ta saƙa. Ranar Juma'a in na dawo masallaci nakan ɗora shi a cinya in danna kalmar don kada yatsa ya manta.

Allah Ya jiƙan Kyari, Ya yi masa rahama, Ya yalwata masa kabari Ya sanyaya shi. Yadda ya juya fuskarsa ga bango don ya rufa wa tsoho asiri, Allah Ya rufa masa nasa ranar da ake tone komai. Yadda ya riƙa buɗe mini ƙofa ban sani ba, Allah Ya buɗe masa ƙofofin Aljanna ba tare da ya tsaya jira ba. Zagin da na yi masa ranar farko, Allah Ya mayar masa da shi lada. Mahaifiyarsa da ke Kelle, Allah Ya ba ta dangana, don binne ɗa ba ƙaramin abu ba ne. Matarsa Aisa da ƴaƴan da ya bari, Allah Ya zama gatansu, Ya haɗa su da masu amsa musu in sun yi sallama, kada su san yawon tebur zuwa tebur. Mu da muka saura, Allah Ya kyautata namu zuwan.

Ku kuma da kuka gaji mabuɗinsa, maganar jaka na bar muku ita, na gaji. Wannan ce ba zan bari ba. Mabuɗin gidan duka yana hannun ɗayanku, shi da kansa ya faɗa mini akwai shi. Wane ne? Ya fito ya ce mini ni ne, Baba, yadda wancan ya ce. Ya faɗa mini ko matata tana nan a lungunta, ko an riga an share ta. In tana nan, ya ƙara mini shekara, ya juya fuska ga bango. In ba za a yi ba, a faɗa mini da baki, a kuma faɗa mini dalili. Gidana katanga ɗaya ce da biro, kuma ina ƙofar gida tun hantsi. Juma'a mai zuwa zan zo da kilabiyen a cikin jakar.